Wurin Yaya Ilu

Kwanon tuwo kawai aka aiki Ɗalha ya kai. Rana ta yi ja a bayan Dala, mahaifiyarsa Inna 'Yardada ta ɗaure kwanon da tsumma, ta ce ya kai wa Bahijja, matar yayansa Ilu, wadda ke takaba a gidan iyayenta can wajen Ƙofar Dawanau. Ta ce amma ya bari a yi sallah tukuna, magariba ba lokacin tafiya ba ne. Ya ce mata ai yanzu ba da ƙafa zai je ba, kafin ladan ya gyara murya ya dawo.

Sabon babur ne da shi, ko wata bai rufa a hannunsa ba. Baƙi ne, da jan layi a tanki. Ya fi roba-robar da samari ke yawo da ita girma, bai kai manyan nan masu razana unguwa ba. In ya tayar da shi muryarsa can ƙasa take, kamar ta dattijo yana magana a cikin soro. Har lokacin bai daina warin sabon fenti ba.

Malam Lawal bakanike, na Gwammaja, shi ya fito da shi daga kwali ya haɗa. Tun ba a tambaye shi ba ya kwance madubai biyun ya miƙa wa Ɗalha, yadda ake yi wa sababbin babura, wai lungunan cikin gari ba sa son abu mai faɗi. Sannan ya gargaɗe shi cewa sabon inji jariri ne. A lallaɓa shi har ya saki jiki, a juye masa baƙin mai a kan kari. In kuwa aka matsa masa gudu tun yanzu, to zai buga, tayar baya ta ƙame, mai shi ya ci ƙasa.

Ɗalha ya kiyaye. Yara ma kan yi masa dariya, wai mai keke ya wuce shi. Kullum da safe sai ya goge shi tas. Ya ɓare duk ledar da babur ya zo da ita, ban da ta kujerar baya. Ita kam bai taɓa ta ba, bai kuma yarda kowa ya zauna a kai ba.

Wurin Ilu ne.

Tun Ɗalha yana ɗan mitsitsi Ilu ke goya shi, daga keke har zuwa wani tsohon babur mai hayaƙi da suke zuwa rumfarsu ta dukanci a Kasuwar Kurmi. Ilu ba ya kiran sa da sunansa, sai Ɗan Kariya, wai a kan kariyar bayan abin hawa aka haife shi, a nan kuma zai tsufa. Shi kuwa Ɗalha ya sha rantse masa cewa ranar da ya sayi nasa, Ilu ne zai fara hawa, ya ga yadda ake tuƙi. Ilu ya ce yana jira. Farkon damina ciwon ciki ya kwantar da shi, kafin a yi wani abin kirki an naɗe shi a farin ƙyalle. Ranar jana'iza Ɗalha ya toge a bakin katangar maƙabarta, bai shiga ba. Kuma tun daga ranar bakinsa bai taɓa furta kalmar rasuwa ba. In an yi masa gaisuwa sai ya ce, Yaya ba ya nan.

Sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk sanda zai fita, sai ya sauke matakan ƙafa na baya, ya ɗan bubbuga ledar da tafin hannu, ya ce a hankali, hau mu tafi, Yaya. Ran nan Inna ta gan shi daga ƙofar soro. Ba ta yi faɗa ba.

"Ɗalha, ba a ajiye wa mamaci wuri," in ji ta. "Shi ba zai zo ba. Amma akwai masu jin kira."

Ya sunkuyar da kai, ya kuma ci gaba da abinsa.

A wannan yammacin ma, a kan tanki ya ɗaure kwanon tuwon da roba, ya bar baya fili. Ya fito titi ya tarar adaidaita sahu sun cushe, sai ya yanke ta wata hanyar ƙasa da ke bi ta gindin ragowar ganuwa, ta gefen wani tsohon kududdufi. An yi ruwa da la'asar. Iska na ɗauke da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ruɓaɓɓiyar kainuwa, da hayaƙin gawayi daga gidajen da ke nesa. Kwaɗi sun cika wurin da kuka. Sama ta koma kalar tsohon rauni.

Daidai bakin ruwan babur ya mutu.

Bai taɓa yi masa haka ba. Ya danna sitata, shiru. Ya leƙa tanki, da mai. Da ya sunkuya sai ya ga matakin baya na hagu ya naɗe sama, ƙila garin gargadar hanya. Ya sa ƙafa ya sauke shi. Hannunsa ya tafi da kansa ya bubbuga ledar. Bai yi bisimilla ba. A nan, a bakin ruwa, da magariba, ya ce da murya a fili:

"Hau mu tafi, Yaya."

Kwaɗin suka yi tsit, gaba ɗaya.

Ledar ta yi ƙara a bayansa. Ƙarar da leda ke yi in an zauna mata a hankali.

Bayan babur ya nutsa ƙasa. Matakin dama ya yi ƙyas, na hagu ya yi ƙyas. Injin ya tashi da kansa.

Sai warin jima ya zo, warin jar fata da baƙin rini da ke bin rigunan Ilu ko an wanke su. Wata murya ta yi magana dab da kunnensa, da 'yar dariyar nan a ƙasanta.

"Ɗan Kariya. Yau kai ne a gaba."

Gaskiyar magana, ba tsoro ne ya fara kama shi ba. Wani daɗi ne mai ciwo ya cika masa ƙirji, hawaye suka ɓalle. Ya sa giya, suka tafi a hankali. Ya so ya waiwaya, sai wata haɓa mai nauyi ta danne masa kafaɗa. Ya duba inda madubi ya kamata ya kasance, ramukan noti biyu kawai ke kallon sa.

Hannuwa suka zagayo ƙugunsa.

A nan ne tsoro ya kama shi. Ilu bai taɓa riƙe ƙugun kowa ba. In an goya shi ƙarfen kariya yake kamawa ta baya, yana cewa shi ba amarya ba ce.

Hannuwan ba su tsaya a ƙugu ba. Suka harɗe, suka ci gaba da tafiya. Suka hau cikinsa, suka bi damatsansa, masu sanyi da santsi kamar taɓon ƙasan ruwa, har suka rufe nasa hannuwan a kan kan babur. Yatsun sun yi yawa.

Na dama ya murɗa totur.

Babur ya zabura har tayar gaba ta ɗaga. Suka bar hanyar ƙasa, suka faɗa wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa. Gwiwarsa ta goga katangar siminti, wando ya tafi, fata ta bi shi. Ya nemi birki, aka lanƙwasa masa yatsu biyu baya har suka yi ƙas. Ihun da ya yi iska ta mayar masa cikin baki.

Kwanon tuwo ya fashe a ƙirjinsa, miyar kuka mai zafi ta gangara cikin riga. Wani kwanon rufi da ya leƙo ya tsaga masa goshi, jini ya rufe ido ɗaya. Wani rago ɗaure a ƙofar gida ya miƙe, suka bi ta kansa. Ɗalha ya ji ƙashin dabbar ya ruguje a ƙarƙashin taya, ya ji ɗumin jininta a ƙaurinsa. Wata mata ta saki tulu ta manne da bango tana salati.

Abin da ke bayansa yana dariya. Dariyar Ilu ce, amma ba ta tsayawa shan numfashi.

Sai ladan ya ɗaga murya daga wani masallacin lungu. Ilu, ko a tsakiyar ciniki ya ji wannan, ajiye basilla yake yi. Abin kuwa ya matse Ɗalha har haƙarƙarinsa ɗaya ya ɓalle a ciki, kamar an karya kara.

"Wuce," in ji abin. Wannan muryar ba ta kowa ba ce.

Lungu ya tofar da su waje. Ɗalha ya ware idon da ya rage, ya ga inda suke. Zagayowa suka yi. Ga ganuwa a dama, ga gangara miƙe, ga kududdufi a ƙarshenta, baƙi, kainuwar ta dare biyu kamar an buɗe ƙofa.

Injin na kuka da muryar da bai taɓa yi ba. Warin ƙonannen mai ya tashi. Bututun salansa mai zafi ya kama masa dunduniya yana ci.

"Gida za ka kai ni," in ji muryar, ta dawo ta Ilu. "Ka yi alkawari."

Ɗalha ya buɗe baki zai ce a sauka. Abin ya ji. Sai ya sassauta murya, ya mayar da ita irin ta Ilu ta kwanakin ƙarshe, siririya, ta kan tabarma.

"Sauke ni za ka yi a hanya, ƙanena? Ni na taɓa sauke ka?"

Wannan ya fi karayar yatsu ciwo. Na ɗan lokaci Ɗalha ya saki jiki. Ya ce a ransa, to mene ne, mu tafi tare.

Ruwan na matsowa.

Sai ya tuna Inna a ƙofar soro, tana jiran a dawo mata da kwano.

Ya tattaro abin da ya rage masa na numfashi, da jini a baki.

"Yayana ya rasu," ya ce. "Ilu ya rasu. Allah ya jiƙansa. Kai ba shi ba ne."

Haƙora suka nutse a kafaɗarsa har ƙashi.

"Bisimillahi, sauka!"

Abin ya yi wata ƙara, ya murɗa totur har ƙarshe.

Jaririn injin bai iya ba. Wani abu ya fashe a cikinsa, gau. Tayar baya ta ƙame.

Sama ta juye. Ɗalha ya ji hannuwan suna zamewa, farata na tsaga masa ciki garin neman riƙo. Ya daki ƙasa da kafaɗa, ya mirgina, taɓo ya tare shi, ƙafafunsa cikin ruwa.

Wani abu mai nauyi ya wuce ta samansa ya faɗa tsakiyar kududdufin. Ruwa bai fantsama ba. Kainuwar kawai ta rufe.

Can sai kwaɗo ɗaya ya gwada murya. Sauran suka bi.

Masu fitowa daga masallaci ne suka janye shi. Sun ce sun same shi yana ta maimaita Ilu ya rasu, Ilu ya rasu, yana kuka irin na ranar jana'iza. Mai ɗori ya gyara yatsu da haƙarƙari. Cizon kafaɗa kuwa ya daɗe yana ruwa, malaman asibiti suka rubuta kare, don ba su san abin da za su rubuta ba. Inna ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba. Ita ta je ta ba mai rago haƙuri da bakinta.

Malam Lawal, mai barkwanci, bai yi wasa ba ranar da ya buɗe injin. Ya ce ƙarfen ciki ya narke, bayan babur kuma ya lotsa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ledar kujerar baya ta ƙone ta manne, da busasshen taɓo a kanta mai warin da ya kori masu zama a garejin. Ya tambayi Ɗalha wa ya goya. Ɗalha ya ce kawai ya mayar wa babur ɗin madubansa.

Da ya warke, babur ma ya gyaru, da hannunsa ya kankare ledar. Inna ce ta fara hawa, ya kai ta wajen Bahijja a hankali, da sabon kwano a cinyarta. Daga can ya wuce maƙabarta shi kaɗai, wannan karon ya shiga, ya durƙusa, ya daɗe.

Yanzu in shi kaɗai ne, matakan baya a naɗe suke, ɗaure da robar taya. Hanyar ganuwa kuwa ko da rana tsaka ba ya bin ta. Amma wasu ranakun damina, in rana ta yi ja a bayan Dala yana alwala a tsakar gida, yakan ji robar tana miƙewa a soro, a hankali, kamar ƙafa na gwada ta.

Ba ya amsawa. Sai ya yi wa Ilu addu'a da sunansa, ya bar mai jira da jiransa.