Lambar Baba Shahata

Ana daf da kiran magariba a Iskandariyya, ma'aikata duk sun tafi shan ruwa, Nashwa kaɗai ta rage a ɗakin rajistar asibitin. Ita ta rubuta manhajar da ke ba majinyata lamba. Don gaggawa, maimakon ta nemi lambar da na'ura ta ba sabon suna, sai ta sa a riƙa ɗauko ta ƙarshe a jeri. Bara mutum biyu suka yi rajista a daƙiƙa guda, lambar wani ta faɗa kan wani, aka ƙara wa wani tsoho jinin da ba irin nasa ba, ya rasu. Ta gyara a ɓoye, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Ga dattijo tsaye a bakin taga, fanka na juyawa amma jallabiyarsa ko motsi.

"Baba, an tashi. Je ka sha ruwa."

"Ai na daina azumi, 'yata. Shigar da ni kawai. Shahata Radwan."

Ta buga sunan. Sabuwar lamba ya kamata ta fito, sai ga 40817, wadda ta hana ta barci shekara guda.

"Yawwa, tawa ke nan," in ji shi a hankali. "Wa kika ba?"