Kyautar da Walida Ta So Yi

"Wane ƙwai kike nufi, Walida?"

Zahraddeen ya ajiye kofin shayinsa a hankali yana kallon ƙanwar matarsa. Walida ta juya ta dubi yayarta, bakinta a buɗe. Hureira ta sunkuyar da kai.

Suna zaune ne a wani shagon shayi da abinci, irin wanda ake kira mamak, a unguwar Wangsa Maju, kusa da gidan da Walida ke haya da 'yan makarantarsu. Ruwan la'asar na zuba a kan rumfar kamar da bakin ƙwarya.

"Yaya Hureira... ba ki gaya masa ba?"

"Ban samu lokaci ba."

"To ga lokaci," in ji Zahraddeen. "Ina jin ki."

Shekararsu takwas da aure. Karatun digiri na uku ne ya kawo shi Kuala Lumpur, a jami'ar da ke Jalan Semarak, ita kuma ta biyo shi da burin a nan za a dace da maganin da aka rasa a Kano. Watanni kaɗan da suka wuce likita ta zaunar da su ta faɗi gaskiya. Mahaifar Hureira lafiya lau take, amma ƙwayayen haihuwarta sun ƙare tun kafin lokaci. Hanya ɗaya ta rage, wata mace ta ba da nata, a haɗa da na mijin, a dasa wa Hureira. Likitar ta ƙara da cewa ita ba ta yi wa Musulmi wannan aikin.

Tun da suka tambayi malami ya ce bai halatta ba, Zahraddeen bai sake tayar da zancen ba. Hureira kuwa ba ta daina bincike ba, har ta samo wani asibiti a ƙasar da ke maƙwabtaka da su. Da ta yi wa Walida kuka, yarinyar ta ce, "Ga nawa, Yaya."

"Jininmu ɗaya," Hureira ta ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni zan ɗauki cikin, ni zan yi naƙuda, ni zan shayar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Habibi, ka saurare ni..."

"Ɗana da ƙanwar matata, Huri? Kin san hukuncinsa. Tare muka je muka tambayi malami."

"Malamin 'ya'yansa shida."

Ta ga yadda maganar ta soke shi, amma ba ta janye ba. Ya miƙe, ya ɗauki makullin mota.

"Walida, ki yi haƙuri, ba da ke nake ba. Huri, taso mu tafi."

Sai da suka shiga gida Hureira ta jefar da mayafinta a kan kujera ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Kai ba ka jin abin da nake ji. Duk Juma'a Ummanka sai ta kira ta ce, 'Hureira, da labari?' Ni nake amsawa, ba kai ba. Ni nake murmushi in ce muna addu'a. Ko suna aka yi a gidan 'yan Najeriya, ni ake miƙa wa jariri a ce Allah ya kawo naki."

"Kina tsammanin ba na so? Ranar da likitar nan ta yi magana, da na sauke ki, a mota na zauna na yi kuka kamar yaro."

"To ka yarda mana."

"Ba zan iya ba."

"To ka sake ni." Ta ji kalmar ta fita kafin ta tare ta. "Kai lafiyarka ƙalau. Ka je ka haihu, na yafe maka."

Ya daɗe yana kallonta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wannan ma ba zan iya ba," ya ce, ya wuce ɗaki.

Washegari da ya tafi makaranta, ta hau jirgin ƙasa zuwa wajen Walida. Ta yanke shawara a ranta. Za su fara gwaje-gwajen ko da bai amince ba, in ya ga abu ya kankama zai sauko.

Ta tarar da ita a kan gado, idanu a kumbure, ga abincin da ta sayo a ƙunshe tun jiya ko buɗe shi ba ta yi ba.

"Me ya same ki? Abdulbasit ne?"

Abdulbasit shi ne saurayin Walida, an riga an kai gaisuwa, ana jiran ta gama karatu.

"Ban gaya masa ba. Ba zan taɓa gaya masa ba, na yi miki alkawari." Walida ta goge fuska da gefen hijabinta. "Ina nan a kan bakana, Yaya. Ke kika riƙe ni bayan rasuwar Mama. Ko ƙodata kika ce, zan ba ki."

"To kukan na mene ne?"

Walida ta shiga murza yatsunta.

"Tambaya ce kawai... In an haife shi, me zai dinga ce min?"

"Anti mana."

"Anti." Ta gyaɗa kai a hankali. "In kuma ya yi kama da ni fa? In ya faɗi ya ji ciwo ina wajen, na riga ki ɗaukarsa, za ki ji haushi? Jiya na kasa cin abinci, ina ta tunanin ranar da zan haifi wani, mutane su ce ga ɗan farina, ni kuma na san..."

Ba ta ƙarasa ba. Hureira ta zauna a bakin gadon. Duk watannin nan tunanin jaririn take, da ƙamshinsa, da sunan da za ta sa masa. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta kalli yarinyar da ta goya a bayanta ba, ta tambayi abin da za ta rasa.

Ta jawo ta jikinta.

"Ya isa, ƙanwata. An fasa."

"Yaya, wallahi zan iya..."

"Na san za ki iya. Ni ce ba zan karɓa ba."

Suka yi kuka tare har mai isarsu.

Da ta koma gida ta tarar da Zahraddeen ya dawo da wuri, yana zaune a falo da waya a hannu. Ta tsaya a gabansa.

"Na fasa, Habibi. Amma ban san yadda zan rayu da wannan ba."

"Tare za mu koya." Ya kamo hannunta ya zaunar da ita kusa da shi. "Laifina ne da na bar ki ke kaɗai da tambayar Umma. Yau zan amsa mata."

"A'a, don Allah..."

Ya riga ya danna kiran. Bayan gaisuwa ya ce, "Umma, likita ta gama bincike. Ni da Hureira ba za mu haihu ba, sai wani ikon Allah. Kuma ina nan tare da matata. Ina roƙon kada a sake tambayarta."

Hureira ta matso kusa da wayar.

"Ba ni ita," in ji Umma.

Hureira ta karɓi wayar da hannu biyu. "Umma, ina wuni..."

"Tun yaushe kika sani?"

"An kwana biyu."

"Kuma ina ta kiranki ina tambaya, kina min dariya?" Muryar tsohuwar ta karye. "Haba 'yar nan. Ki yafe min. Ni na zaci in na yi shiru za ki ce ban damu da ke ba."

Hureira ta kifa kanta a kafaɗar mijinta, wayar na manne a kunnenta.

"Yi kukanki," Umma ta ce. "Ba zan kashe ba, ina nan."