Rajistar Tsofaffin da Ta Ɓace

Ranar Litinin da hantsi, ana tsakiyar kakar gyaɗa, Nata'ala ya shigo caji ofis na Gwarzo yana haki. Shi ne manajan Kamfanin Garkuwar Lafiya, masu sayar wa manoma katin magani. Ka biya sule biyar da kaka, su ɗauki nauyin jinyarka har shekara ta zagayo.

"Ranka ya daɗe, an fasa ofishina, an sace rajistar masu kati!"

Sufeto Bashari ya je ya duba. Kwaɗon ƙofa lafiya lau, akwatin kuɗi ma ba a taɓa ba.

"Ɓarawo ya bar kuɗi ya ɗauki littafi?"

"Ni ma abin ya ɗaure mini kai," in ji Nata'ala.

A bakin ƙofa Sufeto ya tarar da wani dattijo, Malam Jalo daga Gude ta ƙasar Kabo, ƙafarsa a kumbure. Suka gaisa sosai.

"Baba, me ya kawo ka?"

"Shekara shida ina biya, ɗana. Yau an ce sunana ya ɓace tare da littafi, sai na sake rajista. Wai kuma ba sa ɗaukar sabon da ya haura sittin."

Sabuwar doka ta hana korar mai kati saboda tsufa, amma ba ta tilasta ɗaukar sabo ba.

Sufeto ya tsallaka wurin Inna Gwamma mai ƙuli-ƙuli a gaban ofishin, ya tambaye ta ko ta ga baƙon ido. Ta ce a'a, ta ƙunso masa na kwabo a takarda. Jikin takardar sunaye ne da dangwalen yatsa.

"Inna, ina kika samo wannan?"

"Manaja ya ba ni jiya, wai in hura wuta. Na ga takarda mai kyau, na ce asara ce."

Sufeto ya koma ofishin, ya shimfiɗa takardar a kan tebur gaban Nata'ala.

"Tsofaffin nan kullum suna asibiti," in ji Nata'ala da ƙyar. "Doka ta hana in kore su. Na ce in littafin ya ɓace, shi ke nan."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa.

Inna Gwamma ta kwaso sauran takardun, duk sun sha mai amma ana iya karantawa. Mutum arba'in da uku aka mayar wa haƙƙinsu.

Kafin azahar an kwantar da Malam Jalo a asibiti. Malamin asibiti ya duba ƙafar, ya ce kwana goma zai koma gona.