Shafi Na Goma Sha Ɗaya

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, tana zaune a ƙasan ɗakin na'urori, ta ɗora takardu a cinya tana ja musu layi da jan biro.

Kamfaninsu ne ya turo shi ma'ajiyar magunguna ya sabunta musu manhaja. Aikin manhajar ɗaya ne. Duk na'urar da ke ginin, daga ƙofa har ɗakin sanyi inda ake ajiye alluran rigakafi, tana aiko mata rahoto, ita kuma ta tara. In wani abu ya ɓaci sai ta buga ƙararrawa a wayar mai kula da wurin. Auta ce ke lura da ita.

"Me kike karantawa haka kamar mai jarrabawa?" in ji shi.

"Bayanin sabuntawar da ka zo yi. Shafi goma sha huɗu ne, ina na tara."

Ya yi dariya har ya dafa ƙofa. "Shekara uku ina aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya wuce shafi na biyu ba. Ajiye kawai, ranki ya daɗe, na san abin da ke ciki."

Ta ajiye. Kada kowa ya yi saurin ganin laifinta, don mutumin ya iya murmushi, ita kuma ta gaji da ƙananan rubutu. Ya danna abin da zai danna, allo ya koma kore daga sama har ƙasa, suka sha shayin ofis, ya tafi da lambarta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Manhajarku lafiya lau. Ni ne dai ban koma daidai ba tun da na bar ɗakin nan. Ko za ki duba ni?"

Ta amsa: "Ba na duba abin da ba shi da takardar bayani."

"Zan rubuto miki, Autata. Shafi ɗaya tak, don kada ki gaji."

Wata uku suka yi a haka. Matsalar ɗaya ce, Baba. Mahaifinta ne mai riƙe da makullin ɗakin sanyi, shekara ashirin da shida. Da can safe da yamma yakan shiga ya duba ma'aunin sanyi da idonsa ya rubuta a littafi. Da manhaja ta zo aka ce littafi ya tsufa, aka liƙa wani ɗan akwati a bango ya riƙa aika rahoto a madadinsa. Baba bai taɓa yafe wa akwatin nan ba, kuma kowa a ma'ajiyar ya ji shi yana aibata shi.

Da Dogo ya je gaisuwa, Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne ɗan kamfanin da ya kashe mini littafi? Ku mutanen nan kuna yar da tsohon abu ba ku duba me yake riƙe da shi ba. Irinku ko aron tsintsiya ba na ba su, balle 'ya."

Umma ta ce a yi haƙuri, zai sauko. Bai kai ga saukowa ba abin ya faru.

Wata Litinin da safe Baba ya buɗe ɗakin sanyi, ɗumi ya bugi fuskarsa. Alluran da za a raba wa asibitoci a satin duk sun lalace. Wayarsa ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya a ƙarshen mako. Da aka duba manhaja, kore take shar, amma babu rahoto ko ɗaya daga ɗakin sanyi. Manaja ya ce ba sai an je da nisa ba, tsohon nan da ya tsani akwati shi ya cire shi, ya kuma bar ƙofa a buɗe. Aka dakatar da Baba, aka rufe ɗakin da sabon kwaɗo, aka ce kwamiti zai zauna ranar Laraba ta mako mai zuwa. Har maganar 'yan sanda aka yi.

Auta ba ta taɓa ganin Baba haka ba sai ranar, da ya dawo gida. Ya kasa riƙe kofi, Umma ce ta riƙe masa.

"Ban taɓa shi ba," ya ce da su. "Na zage shi, amma ban taɓa shi ba. Yanzu yara nawa za a kai asibiti a ce babu allura, a ce ni ne?"

Tsoro ya hana ta zama. Washegari ta koma ofis ta bi rahoton ɗakin sanyi baya baya, tana neman ranar da ya yanke. Ta gano ta. Ranar shayin nan ce. Ta jawo aljihun tebur, ta zaro takardun da ta ajiye. Jan layinta ya tsaya a shafi na tara. A shafi na goma sha ɗaya, a ƙasa, an rubuta cewa sabuwar manhajar ta daina karɓar rahoto ta tsohuwar hanya, duk mai tsohon akwati ya sauya masa hanya kafin ya sabunta. Wata uku ke nan allon yana kore don babu abin da ke isowa, ba don lafiya ba.

Ta ɗauki hoton shafin ta tura masa: "Dogo, duba nan. Mu ne."

Ya karanta, alamar ta nuna ya karanta. Bai amsa ba. Ta kira, wayar a kashe. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce.

Mataimakin manaja, wanda ya daɗe yana yi mata zarya tana kauce masa, ya tare ta a bakin matakala.

"Ina saurayin naki? Ai na ji ya yi layar zana. Ki kwantar da hankali, takardar Baba a teburina take. In kin saurare ni, takarda ai tana ɓata."

Ta wuce shi ta koma kujerarta. In ta yi magana ita kaɗai, za a ce 'ya ce ke kare ubanta. Shafi ɗaya ba zai nuna ƙofa a rufe take ba. In ta yi shiru, Baba zai ƙare aikinsa da sunan mai ganganci. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, kullum in ta shiga gida Baba yakan ce, "Sannu Auta, ke ma kin wahala," bai san hannunta na ciki ba.

Ranar Asabar da hantsi wayarta ta yi ƙara, saƙon Dogo ne.

"Autata, ki yafe mini. Da na ga shafin nan tsoro ya kama ni, kwana biyu ban iya ko kallon wayar ba. Na je wa ogana, ya ce in na buɗe baki in nemi wani aiki. Akwatin ɗakin sanyi yana ajiye kwafin abin da ya aika na kwana goma, daga nan ya goge. Igiyar da ake karanta shi da ita an daina yin ta, ina kan hanyar wani tsohon reshenmu, an ce akwai ɗaya a sito. Har yanzu tsoro nake ji. Amma zan zo."

Ta lissafa da yatsu. In ranar Lahadi abin ya faru, Laraba ce kwana na goma. Ta rubuta: "Na ɗauka ka gudu."

"Na so in gudu. Ban san inda zan je ba ke ba kya can."

Ranar Laraba kwamiti ya zauna ƙarfe tara. Baba na gefe cikin fararen kaya, ya sunkuyar da kai. Tara da rabi babu Dogo. Auta na kallon ƙofa har wuyanta ya ƙage. Shugabar kwamiti ta riga ta ɗauki biro za ta rubuta lokacin da ya shigo, rigarsa duk ƙura, da wata igiya mai launin toka a hannu.

"Ranki ya daɗe, a buɗe ɗakin a gabanku, ina roƙo. Yau kwana goma ke cika, ko yaushe shaidar za ta iya fara gogewa."

Aka buɗe. Akwatin na nan a bango, fitilarsa na ƙiftawa. Ya jona igiyar, sau biyu tana zamewa. Rubutu ya cika allon kwamfutarsa, ya fara karantawa da ƙarfi.

"Lahadi, goma da kwata na safe. Ƙofa a rufe. Injin sanyi ya tsaya. An aika, an ƙi karɓa. Goma da minti ashirin, zafi na hawa. An aika, an ƙi karɓa." Ya ɗago kai ya dubi kwamiti. "Sau ɗari biyu da sittin akwatin nan ya yi kira. Ƙofa ba ta buɗu ba sai Litinin da safe. Baba bai taɓa komai ba. Ni na sabunta manhajar ban karanta shafi na goma sha ɗaya ba."

"Kai kaɗai?" in ji shugabar.

"Ni kaɗai."

Auta ta miƙe. "Ba shi kaɗai ba ne. Takardun a hannuna suke, na tsaya a shafi na tara."

Baba ya ɗago ya dube ta. Wannan kallon ya fi mata duk abin da kwamiti zai yanke ciwo.

Aka mayar da Baba bakin aikinsa da takardar ban haƙuri, aka kuma dawo masa da littafinsa. Auta ta samu gargaɗi a rubuce. Dogo ya rasa aikinsa a ranar, amma kafin ya fita ya roƙi minti goma. Ya gyara hanyar akwatin, ya kuma sa wata sabuwar doka a manhajar: duk na'urar da ta yi shiru na minti goma, a buga ƙararrawa.

Sati uku Baba bai ambaci sunansa ba, Auta kuma ta rame har Umma ta fara faɗa. Rannan da la'asar ya ce a kira shi. Dogo ya zo ya durƙusa a bakin tabarma, zufa na bin wuyansa. Baba ya miƙa masa takardu.

"Karanta mini. Tun daga farko."

Ya karanta, shafi goma sha huɗu cur, har da adireshin kamfani da ke ƙarshe. Umma na bayan labule tana toshe baki. Da ya gama Baba ya karɓe takardun ya ninke.

"Wanda ya tashi a gaban mutane ya karanta laifinsa da bakinsa, alhali ba wanda ya kama shi, zai iya riƙe mini 'ya. Amma ka ji ni da kyau, ita ma ba shafi biyu ba ce. Ka je ka turo manyanka."

Bayan wata huɗu, da Dogo ya samu wani ɗan aiki a wata makaranta, aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya raba su da ganganci. Kowa ya ce amin, Umma ta fi kowa ɗaga murya.

Ana cikin hidima, mata sun cika ɗaki, wayar amarya ta yi ƙara a ƙarƙashin mayafi.

"Ina nan, Autata. Ba komai, lafiya lau. Na ga minti goma ta kusa cika ne ban yi miki magana ba."

Ta share hawaye da gefen hannu ta rubuta: "An karɓa."