Ƙirjin Mujibu Bai Taɓa Ƙasa Ba

A wajen baikon wata ƙawarta a garin Iwo, a ƙasar Yarbawa, Rofiat ta fara ganinsa. Alaga, matar da ke jan ragamar taro, ta ce ango da abokansa su gaida surukai. Samari suka zube rub da ciki a kan tabarma, manyan riguna da huluna duk a ƙasa. Mutum ɗaya ne ya ɗan durƙusa kawai, hularsa a hannu. Mu mutanen Iwo irin wannan ba ya wuce mu, nan take rumfar ta ɗauki ƙus-ƙus.

Rofiat ce ke rabon amala. Ta ajiye masa faranti ta ce, "Sannu. Ciwon baya ne, ko rigar ta aro ce?"

"Rigar tawa ce, bayana ma lau," ya ce yana murmushi. "Ba na kwanciya a gaban ɗan'adam ne. Ina tsoron zunubi."

"To duk waɗannan da suka kwanta masu zunubi ne ke nan?"

"Ban faɗa ba."

"Idan abu zunubi ne, wanda ya yi shi ya yi zunubi. Sun kuma yi. Ƙarasa maganarka mana."

Amalarsa har ta huce bai sami amsa ba, amma ya sami lambar wayarta. Sunansa Mujibu, yana aiki a wani kantin magani. Ita kuwa falsafa ta karanta a jami'a, tana koyarwa a sakandare, kuma in ka cire ubanta babu wanda ya taɓa kayar da ita a gardama.

Soyayyarsu da musu ta fara, da musu ta yi ƙarfi. Yana kiranta da sunanta na kirari, Ajoke, ita tana kiransa Alfa don tsokana, wato malam, ko da yake ba shi da ɗalibi ko ɗaya.

"Ajoke, na yi wa wata tsohuwa kuskuren canji sau biyu yau. Laifinki ne."

"Alfa na, wanda ya yi kuskure shi ke da laifi. Amma na yarda in ɗauki rabi, don ni ma na rubuta sunanka a allo maimakon kwanan wata."

Matsalar tana gida. Alhaji Ajadi, mahaifinta, ɗan kasuwar koko ne, irin wanda ake yin cakulan da shi, mutum mai salla da azumi, mai kuma ji da kansa. Ya aurar da 'ya'ya mata uku, kowane suruki ya yi masa dobale, ƙirji da haɓa a ƙasa. Ranar da Mujibu ya zo gaisuwa ya durƙusa kawai, Alhaji ya amsa yana kallon bango.

"Shi ya fi limamin unguwarmu sanin Allah?" Alhaji ya ce bayan Mujibu ya fita. "Limamin nan da kansa ya kwanta wa surukinsa. Wanda ba zai kai ƙirji ƙasa ba, ba zai fita da 'yata daga gidan nan ba."

Ga kuma Kolapo, ɗan aminin Alhaji, wanda ya daɗe yana son Rofiat. Kolapo ko a taɓo ya haɗu da Alhaji sai ya kwanta, ko a bakin kasuwa ne. Alhaji na yabonsa safe da yamma, har gari ya ɗauka an ba shi Rofiat. Maganar ta kai kunnen Mujibu, ya daina kira.

Rofiat ba ta iya jira ba. Ta same shi a kanti da rana tsaka, ta ja kujera ta zauna.

"Ka ji an ce, ka yarda, ba ka tambaye ni ba. Da wane dalili?"

"Shi yana iya abin da ba zan iya ba, Ajoke."

"To mu yi maganar. Me ya sa zunubi ne?"

"Sujada ta Allah ce shi kaɗai."

"Wa ya ce sujada? Goshinka ba ya taɓa ƙasa, ba ka kallon alƙibla, ba ka yi niyyar bauta ba. Kai da bakinka ka ce aiki yana bin niyya. Idan ka kwanta rub da ciki kana neman makulli a ƙarƙashin gado, ka bauta wa gado ne?"

"Gado ba ya jin daɗin an kwanta masa. Mutum yana ji."

Ta ɗan tsaya, don amsar ta shige ta. Amma ta ci gaba. "Baami, mahaifina, yana jin daɗin durƙuson ma. Me ya sa gwiwa ta halatta, ƙirji ya haramta? A ina iyakar take? Nuna min."

Ya kasa nunawa. Ya ce malamansa sun hana, ta ce malaman mahaifinta sun yarda. Ta bi shi lungu-lungu har ya rasa mafita, ya sunkuyar da kai. Ta fita tana taku ɗai-ɗai, ta ci gardama.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ajoke, ba ni da amsar da zan ba ki. Zuciyata har yanzu tana ce min laifi ne, amma ba zan iya rasa ki ba. Ki gaya wa Baba a sa rana. Zan kwanta, daga baya in nemi gafarar Allah."

Alhaji ya ji labari ya yi dariya, aka sa rana. Rofiat kuwa ta karanta saƙon har ta haddace shi, duk karantawa sai ta ji kunya ta ƙara kama ta. Ta rufe masa baki ne kawai, zuciyarsa tana nan inda take. Kuma da hujjar da ta kayar da shi, da ita ta ɗaure kanta: idan aiki yana bin niyya, wanda ya kwanta yana ganin saɓo yake yi, ya yi saɓon. Ita ce kuma ta tura shi.

Ta rubuta masa: "Alfa na, kada ka kwanta. Ko da za a fasa. Ba na son in shiga gidanka ta ƙofar abin da kake kira zunubi."

Washegari ta sami mahaifinta a shagonsa cikin buhunan koko, ta durƙusa da gwiwa biyu.

"Baami, ni ban ce dobale laifi ne ba. Ku da kakanninmu ba ku yi saɓo ba. Amma shi a zuciyarsa saɓo ne. Idan yau ya saɓa wa Allah don ya same ni, gobe tsoron wa zai ji idan ya tashi cutar da ni? Ni na hana shi, kada ku ga laifinsa."

Alhaji ya kalle ta. "Kuɗin makarantar da na biya ne ke dawo min haka?" ya ce. "Tashi ki tafi. Mu haɗu a ranar."

Ranar ta zo, rumfa ta cika har titi, rabin mutanen ma kallo ya kawo su. Rofiat na ɗaki cikin lulluɓi tare da mahaifiyarta. Alaga ta yi waƙa, ta kira ango da abokansa. Abokai suka zube. Mujibu ya cire hula ya durƙusa, ya tsaya a nan.

"Ango, ƙasa," in ji alaga. "Ba a ba da mace ga wanda bai kwanta ba a gidan nan."

Bai motsa ba. Gumi na zuba a wuyansa. Kolapo na gefe yana gyara hula.

Sai Alhaji Ajadi ya miƙe. A irin wannan taro uban amarya ba ya tashi wa kowa, shi ya sa ganga ta tsaya. Ya tako har gaban yaron, ya kama kafaɗunsa ya ɗaga shi.

"Ku bar shi," ya ce da ƙarfi yadda na titi za su ji. "Ni na kwanta wa surukina, ban kuma yi nadama ba. Wannan yaron ya san zai iya rasa matar da yake so a gaban garin nan duka, ya zaɓi tsoron Allah. 'Yata kuma ta iya sa shi ya kwanta, ta ƙi. Ni na haife ta, ku faɗa wa wanda bai zo ba." Ya juya ga abokan da ke ƙasa. "Ku kuwa ku ƙara kwanciya ɗaya a madadinsa."

Rumfa ta fashe da dariya da guɗa. Aka fito da Rofiat tana kuka, ta durƙusa a gaban mahaifinta. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kan Mujibu.

"Allah ya sa ku tsufa tare. Allah ya ba ku 'ya'ya masu tsoronsa. Ya kuma ba ka haƙuri, ɗana, don gardama a gidanka ba za ta ƙare ba."

Duk rumfar ta ce amin, har da Kolapo.