Dandamalin Baba Kafinta

Shayin safe bai gama hucewa ba aka yi sallama da takarda daga kwamitin bikin shekara. Baba Kafinta ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya laluba aljihu kamar mai neman wani abu, sannan ya miƙa wa Auta ya ce ta karanta masa, tabaraunsa ya sake ɓata. Tabarau dai yana nan a kan taga, wata shida ke nan ba a taɓa shi ba. Kowa a gidan ya sani, amma ba mai faɗa.

Auta ta fara karatu da murmushi, don duk shekara irin wannan takarda ce ke zuwa sati uku kafin biki, tana roƙon Baba ya kafa dandamali a tsohon filin tsakiyar gari. A layi na uku muryarta ta sauka. Kwamiti yana godiya da hidimar shekara talatin da uku, amma bana an yanke shawarar a yi dandamalin ƙarfe, an kuma ba da aikin ga mai waldar bakin gada.

"Mai waldar bakin gada," in ji Baba a hankali. "Ba yaron nan ba ne da ake kira Tartsatsi? Wanda manyansa za su zo neman aurenki bayan biki?"

Ta sunkuyar da kai. Inna ta ajiye butar shayi za ta fara ba da haƙuri, ya ɗaga mata hannu. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi a gaya wa yaron ya hutar da manyansa, wanda ya raba shi da dandamalinsa ba zai haɗa har da 'yarsa ba. Ya tura kofi gefe ya fita. Auta ta shige ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Baƙo zai iya cewa duk wannan a kan katako? To, bai san garin ba. Gari ne ƙarami, tsoho, mai matsattsun lunguna, shekara guda yana gyangyaɗi, sai kwana ukun biki ya wartsake. Masu zane su jera hotunansu a jikin tsohuwar katanga, masaƙa da magina tukwane su baje kaya, 'yan makaranta su yi wasan kwaikwayo, makaɗa da 'yan rawa su karɓi fili. Duk wanda zai yi wasa, a kan dandamalin Baba yake tsayawa. Katako casa'in da shida ne, babu ƙusa ko ɗaya, kowanne yana shiga cikin ɗan'uwansa a soke su da turken itace. A bakin kowane katako akwai lamba biyu da jan fenti: jere na nawa ne, kuma na nawa ne a jeren. Baba kan ce ƙusa aikin mai gaggawa ce.

Abin da gari bai sani ba shi ne wata farar yana ta fara rufe wa Baba ido. Bara Auta ce ta tsaya a gefensa tana raɗa masa lambobin. Da yake ita ce mai zana babban labulen bayan dandamali, sai da ta bar shi ta je rataye labule, shi kuwa ya sa matakala ɗaya a juye. Ciyaman na kwamiti ya hau zai yi jawabi ya yi tuntuɓe, hularsa ta gangara har gaban 'yan makaranta. A baki ya ce ba komai. Takardar yau ta nuna akwai komai.

Da hantsi Auta ta wanke fuska ta nufi bakin gada. Ta tarar da Tartsatsi a durƙushe da baƙin gilashi a fuska, yana auna ƙarafa yana waƙe-waƙensa. Yana ganinta ya kashe inji ya miƙe yana washe baki, ya ce ta zo a daidai, yana da sufurayis, wani abin mamaki da ya tanadar mata.

"Sufurayis ɗinka ya riga ni isa gida, Injiniya," in ji ta. "Baba ya ce ka hutar da manyanka."

Fara'arsa ta ɗauke. Ya rantse shi bai nemi aikin ba, kwamiti ne suka same shi har shago. Shi a tunaninsa alheri zai yi, ya hutar da tsoho daga ɗaukar katako a rana, ya kuma nuna masa cewa mai neman 'yarsa ba malalaci ba ne. Ga yaro mai kirki, amma ya yi irin kuskuren matasa, ya ɗauka hutu kowane tsoho yake so. Auta ta ce masa Baba ba hutu yake nema ba, kwana ukun nan su ne shekararsa gaba ɗaya, ranar da ya daina kafa dandamali ranar zai fara mutuwa a zaune. Hawaye suka sake zubo mata.

Ya daɗe yana juya gilashin a hannu. Sai ya ce akwai abin da ya jima yana lura da shi: in ya gaida Baba a hanya, sai ya yi magana tukuna ake gane shi. Ya tambaye ta ko idon ne. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai dai ta roƙe shi, in har yana ƙaunarta, kada maganar nan ta fita daga shagon. Ya ce ta shiga kunnensa, kuma a nan za ta kwana.

A gidansu ma bai sha da daɗi ba da ya ce zai ajiye aikin. Mahaifiyarsa ta ce wannan ne aikin da zai fito da sunansa a gari, in ya sake shi saboda tsoho mai taurin kai ya yi wauta, 'yan mata ba su ƙare a duniya ba. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya ce suna in yana da rabo zai zo, amma shi ba ya so a fara saninsa da cewa shi ne ya ture dattijo daga matsayinsa. Ta yi tsaki ta ce ya je, ta ga soyayya ta riga ta walde masa kai.

Washegari Tartsatsi ya sami ciyaman. Bai ambaci ido ba. Ya ce ƙarfe in rana ta take yakan yi zafi, 'yan rawa kuwa ba takalmi suke hawa da shi ba, sannan dukan ƙafa a kan ƙarfe ƙara ce kawai, a kan katako kuwa kiɗa ne. Ya roƙi a bar dandamalin Baba, shi zai tsaya a matsayin lebura. Ciyaman ya shafa hularsa, ya ce ya yarda da sharaɗi ɗaya: a kafa shi cikin yini guda ba kuskure, in ba haka ba zai yo hayar na ƙarfe daga birni, kuma an gama da katako har abada.

Saura Baba. Da aka gaya masa, cewa ya yi ba ya buƙatar sadaka daga yaro, kuma kada hannun mai walda ya taɓa masa katako. Tartsatsi bai yi zuciya ba. Kullum da safe zai zo bakin rumfar da ake ajiye katakon, ya share ƙofa, ya gaishe da Baba, a amsa masa da gyaran murya, ya juya ya tafi. Kwana tara yana haka. A gida kuma Auta tana zana labule tana ramewa, Baba yana jin shirunta yana yin kamar bai ji ba. Da ta gwada cewa za ta tsaya kusa da shi kamar bara, ya ce ta riƙe labulenta, shi ba makaho ba ne.

Inna ce ta gaji da wannan zaman. Tartsatsi ya zo mata da wata dabara, ta saurara, ta ce in abin ya ɓaci su ce ita ta sa su. Daga ranar, duk lokacin da Baba ya kwanta hutun bayan azahar, sai ta ɗauki makullin rumfa da kwandon ɗinkinta ta je ta zauna a bakin ƙofa. Auta tana karanta lambar fenti, Tartsatsi yana gasa wani siririn ƙarfe a garwashi yana ɗora wa bakin katako: zane-zane na tsaye su ne jere, ɗigo-ɗigo su ne matsayi a jeren, kowanne da zurfin da yatsa zai ji. Kwana biyar suka yi. Ya ƙone a yatsa sau biyu, Auta ta ce ai sunansa ne ya bi shi.

Ranar kafawa aka kwashe katakon zuwa fili tun da sassafe. Lebura shida suna tsaye, ciyaman yana zaune a inuwa da agogo a hannu, masu zane sun fara rataye hotuna suna satar kallo. Baba ya durƙusa ya jawo katako na farko, ya kai shi kusa da fuska yana ƙoƙarin ganin jan fenti. Auta tana hango shi daga wajen labule. Sai babban yatsansa ya faɗa cikin zanen. Ya tsaya. Ya sake shafawa: zane uku, ɗigo biyu. Ya jawo wani, ya jawo na uku.

"Wa ya ƙona mini katako?"

Tartsatsi ya matso ya durƙusa a gabansa.

"Ni ne, Baba. Ka gafarce ni, ban nemi izini ba. Na ga fentin ya tsufa, rana ta cinye rabin lambobin, ni ma da ƙyar nake karanta su. Shi ne na ce a yi wanda ba zai gogu ba."

Fentin lafiyarsa lau, Auta ce ta sabunta shi bara, kuma Baba ya sani. Ya daɗe yatsansa yana kan zanen. Ya gane yaron nan ya san sirrinsa tun tuni, yana da damar faɗa wa kwamiti ya riƙe aikinsa, amma ga shi a gaban jama'a yana ɗora laifin a kan fenti. Baba ya share fuska da hannun riga kamar gumi ne.

"Fentin zamani ba shi da kyau," in ji shi. "Tashi ka kama wancan bakin. Jere na uku, na biyu."

Daga nan aiki ya tafi kamar ruwa. Baba yana shafawa yana kira, lebura suna gudu, Tartsatsi yana buga turaku. Kafin la'asar matakala ta ƙarshe ta zauna daidai. Ciyaman ya hau ya sauka sau uku yana neman aibi, bai samu ba, hularsa kuma ta zauna a kansa.

Ranar farko ta biki gari ya cika ya batse. Da 'yan rawa suka hau, katakon ya amsa ƙafafunsu har cikin ƙirjin mutane, labulen Auta yana kaɗawa a bayansu. Baba yana zaune a gefe, hannunsa a jikin turke, yana jin rawar ta tafinsa. Mahaifiyar Tartsatsi ta zo wucewa, ta ji mutane suna nuna ɗanta suna sa masa albarka, sai ga ta tana gaya wa na kusa da ita cewa ai ita ta ba shi shawara.

Da aka tashi, Baba ya sa aka kira masa su biyun. Auta ta durƙusa a dama, Tartsatsi a hagu.

"Ka gaya wa manyanka su zo ranar Asabar," in ji shi. "Amma kafin nan akwai aikin da za ka yi mini. Ka kai ni asibitin ido. Shekara biyu ina gudunsa don kada gari ya ji. Yanzu kuwa ina so in ga fuskar wanda zan ba wa 'yata."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka tana dariya, Inna ta ce to ai sai a bar wa ranar aure sauran hawayen.

An yi aikin idon, an yi auren, dandamalin kuma har yau ba ƙusa a jikinsa. Da Tartsatsi ya yi zuciya ranar da aka kore shi, da ya sami aikin ƙarfe ya rasa Auta. Haƙuri ya yi, ya rufa wa dattijo asiri a lokacin da tona shi zai amfane shi, sai ya sami mata ya sami uba. Mai neman 'yar mutane ya fara kare mutuncin gidansu, don wanda ya rufa asirin wani, nasa ba ya kwana a waje.