Takarda Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Jan Biro ake kiransa, domin babu abin da ke faranta masa rai kamar ya zana sifili a takardar ɗan wani. Shekara tara yana koyarwa a makarantar Dogo, inda ake shirya yara don babbar jarrabawa, har ranar da iyaye suka kawo ƙarar zaginsa, Dogo ya sallame shi. Ya buɗe tasa a tsallaken titi, benci shida da allo ɗaya, ya rantse sai ya ga an garƙame ta Dogo da kwaɗo.

Shi kuwa Dogo ba wani asiri gare shi ba. Tsofaffin tambayoyi yake raba wa yara, ya kafa agogo a tebur, wanda ya gane ya koya wa na kusa da shi, jajibirin jarrabawa ya kora su gida su huta. Kowace shekara yaransa na ci. Jan Biro yana kallo ta taga, zuciyarsa na tafasa. Ko 'yarsa tilo ta miƙo masa littafinta ya duba, sai ya ce ta bari sai gobe.

Wata rana tsaka ya tafi wurin boka, a bayan wata tsohuwar majema. Ɗakin babu taga, sai ƙarnin jini da na tawada. An rataye alƙaluma a rufi da gashin mutum, suna lilo ba iska. A tsakiya akwai baƙar tukunya, tana numfashi kamar mai barci.

"Ɗalibai kake so, ko faɗuwar abokinka?" in ji boka.

"Duka biyu. Kuma ba abokina ba ne."

"Ilimi ba ya zubowa daga sama, malam. Daga kan wani ake ɗebowa a zuba wa wani. Kawo mini rubutun wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa a wajensa."

"Mai rubutun fa, me zai same shi?"

"Da gaske kana son sani?"

Jan Biro ya ce, "Ɗan wasu ne. Su suka kai shi can."

Dogo na da wata al'ada: bayan jarrabawar gwaji, yakan manna takardar da ta fi kowacce a allon bakin ƙofa. Ba a rubuta suna, sai lamba, don kada mai dubawa ya yi son kai. Jan Biro ya wuce kamar mai zuwa kasuwa, ya yage ta. Lamba arba'in da ɗaya, rubutu ƙanana a tsare, bai ko tsaya kallonsa ba.

Boka ya jiƙa takardar a tukunya har haruffan suka narke, ya tsiyaye ruwan a kwalba. "Ɗigo ɗaya a kan biron kowane ɗalibi. Muddin mai rubutun na da sauran tunani, kwalbar ba za ta ƙafe ba."

A shekarar, yaran da ko sunansu ba sa rubutawa daidai suka cinye jarrabawa. Iyaye suka yi layi a ƙofar Jan Biro. Ya gina bene, ya sayi mota, ya riƙa danna ham duk sanda ya wuce ajin Dogo da ya zama wayam. Daɗi ya kama shi har ya yi tumbi.

A gida kuwa 'yarsa ta fara mantuwa. Da farko inda ta ajiye takalmi, sai karatu, sai sunan uwarta. Daga baya ta daina magana, sai dai ta ɗauki gawayi ta cika bango da lamba ɗaya tak. Jan Biro ya ce a kai ta asibiti, shi aiki ya yi masa yawa. Ranar da sakamakon shekara ta biyu ya fito, ana yi masa barka, ta cika.

Dogo ya zo ta'aziyya, ya rame, ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ban taɓa koyar da mai kai irin nata ba."

Sai a lokacin Jan Biro ya ɗaga ido ya dubi bango. Arba'in da ɗaya, tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa.

"Ni na kai ta wurinsa a ɓoye," in ji matarsa bayan an watse. "Na gaji da jiran gobenka." Ya faɗi a gabanta yana kuka, ya zayyana mata komai, har inda yake ɓoye kwalbar.

Ba ta zubar da hawaye ba. "Malam, takardarta ta shiga hannunka, ba ka gane rubutun 'yarka ba?" Ta shiga ɗaki, ta ɗauko littafin darasinsa mai cike da jan rubutu, ta yagi shafi, ta cusa a kwalbar da ta ƙafe. Nan take kwalbar ta cika har wuya.

"Ni dai na san naka," ta ce, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Yau benen a garƙame yake da kwaɗo. Jan Biro na zaune a bakin ƙofa, yana tsintar takardun da iska ta kwaso yana zana musu sifili, bai san ko shi wane ne ba. Ni dai ban ji tausayinsa ba. Kai da kake neman arziki da kan ɗan wani, ka fara zuwa gida ka duba littafin naka.